Shekarun Da In'ina Ta Sa Nake Faɗin Abin Da Ba Shi Nake So Ba

Na tashi da in'ina tun ban san kaina ba. Mahaifiyata ta ce ta fara lura da ita ina ɗan wajen shekara 3, daidai lokacin da na fara haɗa magana mai tsawo, kuma da yake ƙanin mahaifina ma yana da ita, ba wanda ya tayar da hankalinsa a gidan, cewa aka yi zan bari idan na girma. Ban ga laifinsu ba a kan wannan zato, domin yara da yawa suna barinta. Kimanin yara 5 cikin 100 sukan yi in'ina na wani lokaci, yawanci daga shekara 2 zuwa 5, kuma mafi yawansu takan rabu da su tun suna ƙanana. Kaɗan ne take bi har girma, wajen mutum 1 cikin 100 na manya, kuma a cikin manyan maza sun ninka mata kusan sau 4. Ni ina cikin waɗanda ta bi.

Tawa ba ta maimaita harafi ba ce kawai, wadda aka fi sani. Sarƙewa ce. Idan kalma ta fara da harafi irin su k, t, b ko d, sai iska ta tsaya mini a maƙogwaro, harshe ya manne, baki ya ƙi buɗewa, alhali kalmar tana nan a raina sarai, na san ta, na san abin da zai biyo bayanta. Inna takan tsaya ta jira ni har in gama, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Baba kuwa, cikin tausayi, yakan ce, "Ka natsu, ja numfashi, ba wanda ke korarka," shawarar da ba ta taɓa warware mini harshe ba ko sau ɗaya, sai dai ta ƙara tuna mini cewa ana kallona. Yayana shi ne ya ɗauki aikin ƙarasa mini magana. Yana yi ne don ya rage mini wahala, kuma sau da yawa yakan dace, amma wani lokaci yakan faɗi abin da ba shi nake nufi ba, ni kuma sai in gyaɗa kai, saboda gyara masa yana nufin in sake komawa kan kalmar da ta kayar da ni. Idan na waiwaya yanzu, a nan ne na fara amincewa da maganar da ba tawa ba a matsayin tawa.

A makaranta abin ya fi tsanani, kuma ba sai na tsawaita ba, duk wanda ya taɓa zama aji da mai in'ina ya san yadda ake yi. Ana kiran suna in kasa amsawa a kan lokaci, a ce in tashi in karanta in tsaya a layin farko, yara su tuntsire da dariya, wani malami kuma ya ɗauka ban yi bitar karatuna ba ne.

Ina wajen shekara 10 na gano dabarar da na ɗauka ita ce mafita. Na lura cewa ina jin zuwan sarƙewar tun kafin in isa kalmar, don haka idan na hango ta sai in yi sauri in sauya ta da wata mai sauƙin fita, ko in zagaye ta da bayani, ko in yi kamar na manta abin da zan ce har wani ya faɗa. Kafin in gama sakandare na ƙware a wannan aiki ƙwarai. Kullum hankalina yana gaban bakina da kalma huɗu ko biyar, yana share hanya. Mutane suka fara cewa in'inar ta tafi, Inna ta yi ta godiya ga Allah, ni kuma ban iya buɗe baki na gaya mata cewa tana nan daram ba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ni har fuskar na horar, ta koyi yin murmushi a daidai lokacin da ƙirjina ke bugawa.

Abin da ban hango ba shi ne inda wannan dabara take da tsada. Idan magana ta shafi abin duniya gaba ɗaya, kalma ɗaya tana da 'yan'uwa da yawa, kuma ba wanda zai cutu idan ka ɗauki wannan ka bar waccan. Amma tambayar da ta shafi kai kanka amsa ɗaya gare ta. Sunanka ɗaya ne. Abin da kake so shi ne abin da kake so. Duk ranar da aka tambaye ni wani abu game da kaina, kuma amsar ta gaskiya ta fara da harafin da ke kayar da ni, zaɓi biyu ne a gabana: ko in sarƙe a gaban jama'a, ko in faɗi wani abu dabam mai sauƙin faɗa. Kusan kullum na biyun nake ɗauka.

Babbar asarar da na yi ta wannan hanya ta faru ne a cikin ɗan lokacin da bai kai minti ɗaya ba. Lokacin da za a raba mu zuwa azuzuwa gwargwadon fannin da kowa zai bi, malaminmu ya riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya a gaban aji yana tambayar darasin da kowa ya fi so. Tun ina ƙarami ba abin da ke ɗaukar hankalina kamar tarihi. Littafin tarihinmu na karance shi tun kafin zangon karatu ya yi nisa, har ina aron na 'yan ajin gaba. Da layi ya zo kaina, na ji kalmar ta tokare tun kafin in buɗe baki, idanun aji duka suna kaina, sai na ji bakina ya ce, "Lissafi, Malam." Ya rubuta, ya kira na gaba. Ina iya zuwa ofishinsa daga baya in gyara, amma hakan na bukatar in ƙwanƙwasa ƙofa, in faɗi sunana, in yi bayani, kuma a wancan lokacin wannan ya fi mini nauyi a kan in sauya hanyar rayuwata baki ɗaya. Haka na bi fannin lissafi har jami'a, na fito na zama akanta. Na iya aikin, kuma ya dace da mai gudun magana, domin takardu ba sa tambayar mutum sunansa.

Daga nan ƙananan amsoshi suka yi ta taruwa har suka gina wani mutum wanda ba ni ba. Aka san ni da shiru-shiru, wasu ma suna cewa miskili ne. Gaskiyar ita ce ina son hira ƙwarai, ina son musu mai ma'ana, kuma a cikin taro sau da yawa barkwanci yakan zo mini kafin kowa, sai dai kafin in gama auna kalmominsa in tabbatar ba mai kayar da ni, hira ta wuce wurin. Ina son waƙa, kuma kamar yadda yake ga masu in'ina da yawa, idan ina rerawa harshena ba ya sarƙewa ko kaɗan, haka ma idan ni kaɗai ne a ɗaki ina magana da kaina. Wannan ya daɗe yana ba ni haushi, domin yana nuna mini cewa muryar tana nan lafiya, mutane ne kawai ba sa samunta.

A wajen aiki an taɓa shirya mana taron bita, mai gabatarwa ya ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa da abubuwa uku game da kansa. Yayin da saura ke sauraron juna suna dariya, ni ina ƙirga mutanen da suka rage kafin a zo kaina, ina tankaɗe kalmomi. Da na tashi na ce ina son lissafi, ina son shiru, ina son zama ni kaɗai. Duka ukun sun fita sumul, na zauna ina jin na tsira. Abokan aikina mutanen kirki ne, don haka suka ɗauki maganata da muhimmanci. Daga ranar suka daina gayyata ta wuraren da suke taruwa bayan an tashi, idan kuma suna hira na shigo sai su rage murya don kada su dame ni. Ba su ware ni don ƙiyayya ba, sun girmama abin da na ce ina so ne. Na sha zama a teburina ina jiyo dariyarsu daga ɗakin da ke kusa, ba ni da wanda zan zarga.

Na yi aure, kuma Allah ya haɗa ni da mace mai haƙuri da kula. Ta san nakan ɗan tsaya a magana wani lokaci, amma ba ta san zurfin abin ba. Tun farkon saninmu ta tambaye ni launin da na fi so, amsar kuwa kore ce, sai na ce shuɗi. Mace ce mai riƙe irin waɗannan abubuwa, saboda haka shekara da shekaru duk abin da za ta zaɓa mini, daga tufafi har labulen ɗaki, shuɗi take nema, wani lokaci ta sha yawo kafin ta samu. Na gaya mata ba na son waya, ta yarda, ta ɗauke mini duk wani kira da ya shafi gida. Na gaya mata ba na son taro, ta riƙa ba da uzurina ga 'yan'uwa. Duk wata hidima da ta yi mini a kan waɗannan abubuwa tana ƙara mini wani irin kaɗaici da ban san yadda zan bayyana shi ba, domin ƙauna ce ta gaskiya, amma wanda ake nufi da ita wani mutum ne da na ƙirƙira don in kauce wa haruffa huɗu.

Ɗanmu na fari ne ya kawo ƙarshen wannan zama. Ya fara in'ina yana wajen shekarun da na fara, na yi ta fatan ya kasance cikin masu bari, amma ba ta tafi ba. Wata rana da yamma, yana ɗan shekara 5, muna duba wani littafin hotunan dabbobi, na tambaye shi wacce ya fi so. Ya ɗora yatsa a kan doki. Na ga bakinsa ya ɗauki siffar kalmar, na ga wuyansa ya ɗaure, ya yi ta ƙoƙari, sai ya saki, ya kawar da ido daga kaina ya ce, "Akuya, Baba." Yatsansa yana kan dokin har lokacin. Ba wanda ya koya masa, kamar yadda ba wanda ya koya mini. Na ce masa to, na rufe littafin, na fita waje domin kada ya ga fuskata. A daren nan ban yi barci ba, ina ta hango masa malamin da zai tambaye shi darasin da ya fi so.

Muka nemi ƙwararriya kan matsalolin magana muka kai shi. Bayan ta gama da yaron, ta yi mini 'yan tambayoyi game da danginmu, tana saurarona da wani irin natsuwa, sai ta ce, "Malam, kai ma kana da ita, ko ba haka ba?" Ita ce mutum ta farko da ta gane tun bayan barina makaranta. Ta bayyana mana cewa in'ina ba tsoro ke haifar da ita ba, ba kuma laifin tarbiyya ba ne ko ƙarancin basira. Aba ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke tsara fitar magana, kuma tana bin jini sosai, har a shekarar 2010 masu bincike a Amurka suka wallafa cewa sun gano wasu sauye-sauye a ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ita, bayan nazarin wasu iyalai daga Pakistan. Ta kuma ba ni labarin Joseph Sheehan, wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke wanda shi ma mai in'ina ne, da ya kwatanta ta da dutsen ƙanƙara mai yawo a teku: ɗan abin da ake gani a sama shi ne sarƙewar harshe, babban ɓangaren da ke ƙarƙashin ruwa kuwa shi ne kunya da fargaba da ɓoyo. A wurina kusan duk dutsen ya nutse, shi ya sa ba wanda ya gan shi. Sannan ta faɗi abin da na fi tsoro. Ta ce yaron yana kallon yadda manya ke ɗaukar abin, kuma ba abin da zai taimake shi kamar ya ji mahaifinsa yana sarƙewa a gabansa yana ci gaba da maganarsa ba tare da kunya ba.

Kafin yaron, sai da na fara da mahaifiyarsa. Na zaunar da ita na gaya mata komai, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan sauya kalma ko ɗaya ba, don haka bayanin da bai kamata ya ɗauki lokaci ba ya ci mana rabin dare. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Maigida, to duk shekarun nan da wa nake zaune?" Ta ji ciwo, kuma tana da gaskiya, domin a ganinta na hana ta sanina alhali ita ba ta ɓoye mini komai ba. Ba a ranar muka warware wannan ba, ya ɗauke mu watanni. Amma kafin mu tashi a daren ta ce, "Wane launi kake so?" Na daɗe a kan harafin farko, tana kallona, ta san kalmar tun daga siffar bakina, amma ba ta ƙarasa mini ba har sai da na fitar da ita da kaina.

A wajen aiki na bi shawarar ƙwararriyar, na shirya jimla ɗaya da nake faɗa a farkon duk wata magana mai muhimmanci: "Ina da in'ina, za ku ji na tsaya a wasu kalmomi, ku ba ni lokaci zan ƙarasa." Ta ja mini kunne kada in haɗa da neman afuwa, ta ce binciken da aka yi a Jami'ar Texas da ke Austin ya nuna masu sauraro sun fi kallon mai in'ina da kyau idan ya sanar da su da kansa, musamman idan ya faɗa a matsayin bayani kawai ba da sigar ban haƙuri ba. Ta kuma koya mini wata hanya da aka sani a tsarin Charles Van Riper, wani ƙwararre kan matsalolin magana Ba'amurke, wato mutum ya yi in'ina da gangan a kan kalma mai sauƙi, domin tsoron ya ragu. Da farko na ɗauki wannan a matsayin hauka, daga baya na ga amfaninsa.

Ba zan ce kowa ya karɓi abin da kyau ba. Akwai wanda ya yi dariya ya ɗauka wasa nake, akwai masu ƙarasa mini magana har yau, akwai kuma masu turo mini labarin manyan mutane da suka yi in'ina, irin su Sarki George na 6 na Ingila ko Joe Biden, da nufin su nuna mini cewa ana warkewa. Ina gode musu, amma ba haka labarin yake ba. Sarkin ya fara aiki da mai koyar da shi magana, Lionel Logue, tun 1926, kuma har lokacin da ya yi jawabin shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Satumba na 1939 yana fama da ita. Abin da ya samu shi ne iya yin magana tare da ita. Ni dai abin da ya fi kusa da zuciyata shi ne addu'ar Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda ya ambaci ƙullin da ke harshensa a fili, ya roƙi a warware masa domin a fahimci maganarsa. Na daɗe da sanin addu'ar, amma sai a shekarun nan na lura cewa fahimta ya nema.

Wani abu da ya kamata duk mai shirin bin wannan hanya ya sani shi ne, maganata a yanzu ta fi sarƙewa a kunnen mai sauraro fiye da lokacin da nake ɓoyewa. Wanda ya san ni a da zai iya cewa abin ya ƙaru. Abin da ya ragu shi ne gajiyar da nake kwana da ita, ta tankaɗe kowace kalma kafin ta fita.

Da na fara amsa tambayoyi game da kaina da gaskiya, na tarar wasu amsoshin sun ɓace mini, domin na daɗe ban tambayi kaina ba. Sai da na zauna na rarrabe abin da nake so da abin da na saba cewa ina so. Wasu na ƙaryar ma sun rikiɗe sun zama gaskiya: lissafi, alal misali, na zauna da shi har na ƙaunace shi, ba zan yi masa butulci ba. Amma tarihi yana nan inda na bar shi, musamman na tsofaffin hanyoyin fatauci da taswirorinsu. Ina son musu, abokan aikina sun gano haka har wasu suna cewa gara lokacin da nake shiru. Waya har yanzu ba na sonta, bambancin kawai shi ne yanzu ina faɗin dalili, kuma ina ɗaga kirana da kaina. Ba na son a ƙarasa mini magana, kuma ina faɗa wa mutum haka cikin ladabi tun karo na farko. Wannan bai sa na koma mai zazzage cikinsa ga kowa ba. Akwai abubuwan da suka shafe ni da na zaɓi in bar wa kaina, kuma ina ganin haƙƙin kowa ne ya yi hakan. Sai dai shirun da mutum ya zaɓa dabam yake da amsar da tsoro ya zaɓa masa, kuma ni na san ɗanɗanon kowanne.

Inna ta rasu kafin in kai ga gaya mata. Yayana kuwa na gaya masa, ya yi ta mamaki, ya ce shi duk zatonsa taimakona yake yi, na tabbatar masa cewa taimako ne a lokacinsa.

Ɗana yanzu ya yi nisa a firamare. In'inarsa tana zuwa tana tafiya, wani makon kamar babu, wani makon ta dawo da ƙarfi. A farkon kowace shekarar karatu shi da kansa yake zuwa ya gaya wa sabon malaminsa, kuma a bara ya nemi a ba shi dama ya yi wa ajinsu bayani a ranar 22 ga Oktoba, wadda ake ware wa wayar da kai kan in'ina a duniya tun 1998. Ni kuma na yi rajistar karatun tarihi na ƙarshen mako, ina haɗawa da aikina. A wata mai zuwa kowane ɗalibi zai gabatar da takarda da baki a gaban aji cikin minti 10. Na je na sami malamin na yi masa bayani, ya ce zai iya karɓar tawa a rubuce, na ce masa na gode, amma ƙarin minti 5 nake nema, kuma ya amince.